Sunan da Na Kira a Filin Damagaram

Tun da na dawo ban huta ba. Wadda ta shigo aron turmi sai ta nemi wuri ta zauna, wadda ta zo barka da zuwa sai ta kwance goyo, kuma tambayar ɗaya ce: "Inna Kande, wai da gaske kin tsallaka wata ƙasa kallon ƙwallo? Wai da gaske an ji muryarki a fili?" Na faɗa a tsakar gida, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a gidan suna, har maƙogwarona ya yi kaushi. Shi ya sa na ce da matar autana, Malama Hadiza, tunda ita Allah ya ba alƙalami, ta zauna in faɗa ta rubuta, wanda ya tambaya a karanta masa. Na ce kada ta gyara mini magana. Na kuma ce akwai suna ɗaya da ta sani, na sani, amma ba zai hau takardar nan ba.

Ga yadda abin ya faro. Ina da jika, ɗan babban ɗana, wanda aka mayar wa sunan mijina, Allah ya jiƙansa. Ku da muka tashi tare a ƙasar nan tamu ta tsakanin Tofa da Dawaki kun sani, macen zamaninmu ba ta kama sunan miji. Shekara arba'in na zauna da Malam ban kama ba, ya rasu ban kama ba. Da yaron ya zo da sunan, sai gida aka riƙa ce masa Abba. Ni kuwa Maigida nake ce masa, ina tsokanarsa ya kawo cefane, yana ce mini tsohuwar amarya.

Maigida ya tashi da ƙwallo a ƙafa. Uban ya yi faɗa ya gaji, daga ƙarshe ya ce ya ba shi shekara guda: in abin ya zama sana'a, to, in bai zama ba, a rataye takalman a kama garma. Yaro ya samu shiga wani kulob da ke atisaye a wajen Rijiyar Zaki. Ɗan baya ne, wato cikin masu tsare gaban gida kada a shigo.

Wata la'asar, gero ya shigo gida, dawa tana kan kara, sai ga shi ya zo ya zauna a tabarmata. Na dama masa fura, ya riƙe ludayi yana juyawa bai kai baki ba.

Na ce, "Maigida, ko kishiya aka yi mini kake jin nauyin faɗa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, za mu Damagaram wasan sada zumunci. Koci ya ce daga shi zai rage mutane. Ni kuma na san ina bakin ƙofa."

"Me ka yi?"

"A filinmu ina da ido a ƙeya. Idan wani ya zagayo ta bayana, mutanenmu na bakin fili sai su ƙwala mini kira in juya. A garin mutane kuwa ihu ne kawai da ganga, ko golanmu yana kirana ba na ji. Sau uku ke nan ana cin mu ta bayana."

Na ce, "To su ce Abba da ƙarfi mana."

Ya ce, "Abba uku ne a kulob ɗin, Inna. Sunan yanka ake kira."

Ya tashi ya tafi, ya bar mini fura, ya bar mini maganar. Daga ranar zama ya gagare ni. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in je gona in dawo ban san me na je yi ba. Ina da ƙanwa a Damagaram, Hurera, rabona da ita tun ta'aziyyar Malam, shekara goma. Da na ji Hajiya Talatu mai dafa wa 'yan wasan abinci tana neman mace abokiyar tafiya, sai na ce da ɗana zumunci zan je. Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Inna, zumuncin bai tashi ba sai ranar ƙwallo?" Na ce zumunci ba ya duba rana. Na bar wa maƙwabciyata awaki, na bar dawa a hannun tsuntsaye da Allah.

Bayan sallar asuba Maigida ya goya ni a mashin zuwa Rijiyar Zaki, ina rungume da tsarabar Hurera: kuka, busasshiyar kuɓewa, da ƙullin daddawa babba. A can muka tarar da doguwar bas, samari sun cika ta da ƙafafu. Aka ba mu kujerar bayan direba ni da Talatu. Wani ya karɓi ƙullin daddawata ya ce zai sa a bayan mota. Na ce a sa inda ba za ta jiƙe ba. Ya kuwa sa inda ba za ta jiƙe ba, za ku ji.

Muka ratsa birni muka kama hanyar Kazaure. Ban taɓa zaman mota mai tsawo haka ba. Ƙafafuna suka kumbura, na cire takalmi, na mayar, na sake cirewa. Duk garin da muka shiga sai in tambayi Talatu ko nan ne, har ta ce, "Inna, in mun zo ba sai kin tambaya ba, za ki ji maganarsu ta karkace."

Samarin kuwa tun daga Kazaure har Daura musu ɗaya suke yi, kuma duk da "da a ce" yake farawa. Golansu, wani zanƙalele da suke ce wa Dogo, shi ne uban surutu.

Ya ce, "Wallahi da a ce za a ɗebo mana mutanen Rijiyar Zaki a tirela biyu, da sai Damagarawa sun yi kuka da hawaye."

Wani ya ce, "Ni ba mutane nake so ba. Da a ce iska za ta biyo bayanmu zuwa da dawowa."

"Kai da iska a bayanka ma ka zubar, balle a gabanka!"

"To da a ce alƙalin wasan kurma ne fa?"

Koci Garba, mutum mai furfura a gemu wanda ba ya yawan magana, ya waiwayo daga gaba ya ce, "Wannan ya fi kusa da gaskiya. Alƙali mutum ne. Idan fili guda ya yi ihu lokaci ɗaya, hannunsa kan kai usur baki kafin zuciyarsa ta gama shawara. Amma ba za a ba ku kurma ba, ba za a ba ku tirela ba. Ku goma sha ɗaya ne, sai abin da kuka zo da shi a kai."

Dogo ya leƙo ta kan kujera ya ce, "Inna amaryar Abba, ke me kika gani?"

Na ce, "Ni ban san ƙwallo ba, ɗan nan, amma na yi tsaron tsuntsu tun ina yarinya. Gwangwanin da muke kaɗawa ba ya kashe tsuntsu ko ɗaya. Cikin garke akwai wanda kan hau saman kara yana duba wa 'yan'uwa. In ƙara ta rufe kukansa, sai kowa ya zama shi kaɗai. Daga nan sai su watse."

Koci ya ce, "Inna, da kin zo tun bara da na bar miki aikina." Aka yi dariya. Na waiga na nemi Maigida, yana can baya ya jingina kai da gilashi, bai yi ba.

Da hantsi muka iso bakin iyaka a Kwangwalam. Aka ce kowa ya sauka da takardarsa. Ɓangarenmu muka wuce lafiya. A ɓangarensu aka jera mu gaban wani siririn ma'aikaci mai tabarau, na ji suna ce masa Mushe, wai yallaɓai ke nan a Faransanci. Ya karɓi katina ya duba hoto, ya duba ni.

"Iya, sunanki?"

Na ce, "Hauwa'u."

"Hauwa'u wa?"

Ashe lokacin da aka yi mini katin, sunan Malam aka liƙa a bayan nawa. Na gyara mayafi na kau da kai. Ya ce, "Iya, ki faɗa kamar yadda yake a nan, in san ke ce." Talatu ta buɗe baki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ita na tambaya." Layi ya tsaya a bayana, rana tana duka, masu lodin albasa suna tsaki. Na dubi ƙasa, na dubi takalmina. Da ya ce in koma gida a ƙafa, da na juya na kama hanya.

Sai ga Maigida ya ratso layi ya ajiye katinsa kusa da nawa. Ya ce, "Mushe, duba nan. Sunana ne. Kakata ce, kuma sunan kakana na ci."

Mutumin ya dubi katin nan, ya dubi wancan, ya cire tabarau. Sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Haka tawa kakar take! Ta gwammace a ɗaure ta. Kai, ashe cikin bayinmu Kanawa akwai sauran masu kunya."

Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa. Na ce, "Bayinku? Mu da in muka rufe rumbu sai ku kwana da yunwa?"

Ya buga hatimi ya ce, "Wuce, Iya. Amma ki tanadi zanen share wa angonki hawaye, gobe kashi za ku sha."

Daga nan ƙasa ta buɗe. Mu a nan gona tana jingine da gona, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu. Can sai ku yi ta tafiya ba ku ga danga ba, har in ce da Talatu, "Su waɗannan in wuta ta mutu musu wa suke zuwa ɗiba wurinsa?" A Matamaye aka tsaya cin abinci. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Shayi kuma a ɗan kofin da bai kai rabin ludayi ba, mai ɗaci, da kumfa a kai. Na shanye na ajiye, sai aka sake cikawa. Na shanye, aka sake. Na ce da mai shayin, "Ɗan nan, ka haɗa mini su wuri ɗaya mana mu huta." Ya ce ba a haka, na farko daban, na biyu daban, na uku daban. Na ce to Allah ya ba ku haƙuri, ku kuna da lokaci.

A nan ne aka buɗe bayan mota don ɗauko ruwa, sai wani wari ya taso da na san shi kamar sunana. Ashe wanda ya karɓi ƙullina cikin buhun rigunan wasa ya cusa daddawata, rana ta dafa su tare tun daga Kano. Dogo ya ɗaga rigarsa ya shinshina ya ce, "Shi ke nan, ga tirelarmu biyu. Duk wanda ya matso kusa da ni sai ya tuna miyar uwarsa." Koci ya dafe kai. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Aka sauki samarin a wata makaranta, su lakwal suke cewa, aka shimfiɗa musu tabarmi a aji. Ni kuma aka kai ni gidan Hurera. Na same ta ta tsufa ta fi ni, haƙora sun zube, harshe ya juya. Ta rungume ni tana kuka tana cewa "Lahiya lau, Yaya, lahiya lau," ta aika a damo mini "hura." Na ce, "Hurera, har fa ɗin ma kin bar musu?" Ta kawo dambu da zogale da kilishi mai yaji. Na ci kaɗan. Hankalina yana kan gobe.

Muna zaune ɗanta Ilu ya shigo gaishe ni, ƙaton mutum da ganga a kafaɗa. Ashe shi ne shugaban makaɗan da ke mara wa kulob ɗin garin baya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Inna, zumunci a gida yake. Gobe a fili kuwa jikanki ko numfashinsa ba zai ji ba. Aikina ke nan."

Na ce, "Ɗanka ne fa."

Ya ce, "Bayan an tashi ɗana ne."

Da safe suka shanya gangunan a ƙofar gida don fata ta ɗame, suka fara gwaji. Ina zaune da carbi, sai na ji hannuna ya tsaya. Kiɗan nan na san shi. Bugu uku ne a jere, sai a ɗan saki, kamar mai jan numfashi, sai a sake uku. Kiɗan gayya ne sak, wanda ake yi wa manoma don garma ta sauka tare. Na dubi Hurera, na ga ita ma ni take duba.

Ta ce, "Yaya, kin tuna."

Na ce, "Wane dare ne ban tuna ba."

Wannan ban taɓa faɗa wa kowa a garin nan ba, amma tsofaffi sun san rabinsa. Shekarar da na yi goyon fari aka yi gayya a gonar surukina. Maza wajen ashirin sun jeru sun duƙa, makaɗa suna binsu. Na taho da ƙwaryar fura a ka, Hurera tana bayana da ta biyu, lokacin tana yarinya. Sai na hango bijimin maƙwabta ya tsinke igiya, kiɗa ya haukata shi, ya nufo bayan layin a guje. Malam ne a ƙarshen layi. Ni na fara gani. Na ce, "Kai! Kai!" To wane ne kai cikin maza ashirin da ganga a kunne? Sunan ya zo har kan harshena. Ga surukina a gindin ɗorawa, ga yayyen Malam. Na haɗiye. Bijimin ya ɗauke shi a ƙugu ya watsar.

Malam ya tashi, amma da ɗingishi ya tashi, da shi kuma ya shiga kabari. Mata suka yi ta yabona, wai Kande akwai kunya, ko a wannan hali ba ta kama ba. Shi bai taɓa ce mini komai ba. Sau ɗaya ne kawai, wata damina da ƙugun ya hana shi fita, ina gasa masa da ruwan zafi, ya ce, "Da kin kira da na ji. Muryarki ko a tsakiyar kasuwa ina gane ta." Bai ƙara ba, na ci gaba da gasa masa.

Bayan azahar muka tafi fili ni da Hurera. Jama'a, na je kasuwar Dawanau, na je Idi, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ganguna, ƙahonin roba, gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ga bakunan mutane a kai. Ƙarar ba a kunne take tsayawa ba, cikin ƙirji take shiga ta zauna. Aka ba mu benci cikin mata a gefe, wayar shinge ce kawai tsakaninmu da ciyawa. Ilu da mutanensa suna sama da mu kaɗan. Namu magoya bayan, direba ne da Talatu da wasu uku, can nesa kamar kaji a bakin kasuwa.

Da namu suka fito, iska ta kwaso warin daddawar nan. Wata mata ta toshe hanci ta ce, "Kanawa sun zo da miya, saura tuwo!" Benci ya ɗauka. Hurera ta ce, "Ku yi a hankali, ga mai miyar nan." Suka ce, "Sannu da zuwa, Iya, yau za ki ga yadda ake tuƙa su."

Aka fara. Maigida yana can ɗaya gefen, sai da Hurera ta nuna mini lambarsa. Abin da Koci ya faɗa a mota na gan shi da idona: nasu ya faɗi, fili ya yi ruri, usur ta biyo baya; namu ya faɗi, sai ganga kawai. Na ga Dogo yana buɗe baki yana rufewa kamar kifi a kan yashi, jijiyar wuya ta tashi, ba abin da ke fitowa. Akwai wani ɗan ƙaramin nasu mai jan takalmi, ba ya bin ƙwallo, bayan mutane yake bi. Na gan shi ya laɓaɓa ta bayan Maigida. Aka cillo ƙwallo ta sama. Kafin Maigida ya juya ya wuce, raga ta motsa. Ƙasa ta girgiza. Na ga Koci ya miƙe, ya dubi Maigida, ya dubi wani yaro da ke benci, ya ce masa ya fara motsa jiki.

Da aka busa suka fita, na ɗauka an gama, na tashi ina gyara mayafi. Hurera ta jawo ni ta ce rabi ne. Da suka dawo sai na ga an yi musanyar gefe. Ga Maigida a gabana, kusa, har ina ganin gumi a ƙeyarsa. Koci bai cire shi ba tukuna, amma yaron nan yana tsaye a bakin layi yana tsalle-tsalle.

Ba a jima ba abin ya dawo. Ƙwallo tana can nesa, idon Maigida yana kanta, ya ɗan duƙa kamar mai riƙe da garma. Mai jan takalmi ya biyo bakin waya, ta gabana ya wuce, a hankali, a hankali, sannan ya saki gudu. Wani nasu ya ɗaga kai ya gan shi.

Na miƙe. Na ce, "Maigida!" Wani tsoho mai sayar da goro ne ya waiwayo. Na ce, "Abba!" Ganga ta cinye. Aka ɗaga ƙwallo.

Ɗaya. Biyu. Uku. Na san inda makaɗi ke jan numfashi, shekara hamsin ina jin wurin a kaina. A cikin ramin nan na jefa shi. Sunan, cikakke, da dukan abin da ke ƙirjina, yadda uwar Malam kan kira shi daga bakin gona.

Ya juya kamar wanda kunama ta harba. Ya ga jan takalmi. Taku biyu, ya tashi sama, ya sa kai, ƙwallo ta tsallake waya ta faɗa cikin makaɗa. Hurera ta kama hannuna da hannu biyu tana cewa, "Yaya! Yaya!" Matan benci suna tambaya me ya faru, mene ne, tsohuwa ta kira jikanta ne kawai. Ita kaɗai ta san abin da ya fita. Na zauna. Bakina ya yi ɗaci kamar shayin Matamaye.

Ga abin da ban zata ba. Maigida ya kasa yarda da kunnensa. Kowane ɗan lokaci sai ya waiwayo ya dube ni, wai ya tabbatar ni ce. Ni kuwa bakin waya nake, inda mai jan takalmi ke laɓewa. Duk waiwayen da zai yi don ya ga kakarsa, sai ya ga mutuminsa. Sau nawa mai jan takalmin ya tashi gudu, sau nawa ya tarar ana jiransa. Ilu ya yi kiɗa har ya cire riga. Ban sake buɗe baki ba, ba a kuma sake bi ta nan ba. Can na ga yaron da ke tsalle a bakin layi ya koma benci ya zauna.

Ba mu rama ba, kada wani ya ƙara muku gishiri. Ɗaya da nema aka tashi, su ke da ɗaya. Ilu ya zo ya rungume Maigida ya ce, "Yanzu ɗana ne. Amma wa ya sa maka ido a ƙeya bayan hutu?" Maigida ya dube ni, na dubi wani wuri.

Washegari muka kamo hanya. Hurera ta raka ni har mota da kilishi da dogon burodi, ta ce a kunnena, "Kin sauke nauyin." Na ce, "Ban sani ba tukuna." A iyaka Mushe ya gane ni, ya ce, "Iya, ina zanen hawayen?" Na ce, "Ɗaya tal, da ganga ashirin? Ku ji kunya." Bai tambayi sunana ba.

A Kazaure aka tsaya sallar la'asar. Bayan an idar Koci ya tsaya a ƙofar mota da takarda, ya ce wanda ya ji sunansa yana ciki. Ya yi ta kira, ya yi ta kira, ni ina murza bakin mayafi har ya kusa yagewa. Na biyun ƙarshe, ya kira shi. Ya ƙara da cewa, "Rabin farko na riga na soke ka. Rabi na biyu ka gano Allah ya ba ka wuya. Kada ka manta da shi a Damagaram." Yara huɗu ba su ji nasu ba, har da ɗaya cikin Abba ukun. Daga nan har Rijiyar Zaki ba wanda ya ce "da a ce."

Maigida ya goyo ni gida. Na tarar awaki sun ci rabin dangata, tsuntsaye sun yi biki a kan dawa. Ya sauke mini kaya, ya tsaya a bakin ɗaki yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce, "Kada ka saba. Ba kullum zan hau mota ba. In ka ji ganga ta rufe ka, ka ɗauka ina bakin waya, ka waiwaya."

"Na ji. Amma Inna, yadda kika kira... ban taɓa jin an kira ni haka ba."

Na ce, "Ba kai na kira ba."

Ya san ɗingishin kakansa, a kafaɗarsa ya girma, amma bai san daga ina ya zo ba sai ranar. Na zaunar da shi a tabarmar nan da ya bar mini fura, na faɗa masa. Da na gama ya ce, "To ni dai na ji, Inna."

Ku masu tambaya, ga Damagaram nan, ga burodinta, ga gangarta. Sunan sau ɗaya ya fita, ya koma inda yake, kada wata ta zo ta ce in maimaita mata. Na makara da shekara hamsin, amma da na kira, an juya.